Ranar da Kwamishina Ya Cinye Cingam ɗin Gwaggo Rifkatu

Duk wanda ya san Gwaggo Rifkatu a Tudun Wada ya san bakinta ba ya zama haka kawai. In ba magana take yi ba, to tauna take yi, sau da yawa ma duka biyun a haɗe. Cingam! Jama'a, ku faɗi gaskiya, akwai wanda ya taɓa ganin muƙamuƙin matar nan a tsaye? Ni dai Ishaya, ɗan ƙaninta, da na zauna a gidanta shekara huɗu lokacin da nake karatun jami'a a nan Kongo, ban gani ba. Ko gyangyaɗi take yi a kujerarta ta roba a gindin dalbejiya, za ka ga haɓar tana motsi a hankali, kamar akuya tana tuƙa.

Kuma ba ta taɓa jefa ƙwaya guda sukutum a baki ba. Reza gare ta ta musamman, naɗe cikin takarda a jakar hannu. Sai ta ɗora ƙwayar a kan bangon littafin waƙoƙi, ta raba ta biyu daidai, rabi na safe, rabi na yamma. In abinci ya zo kuwa, ba ta yarwa. Ta ciro shi ta manna a ƙafar tabarau ɗinta, ta ci tuwonta, ta kurkure baki, ta ɓamɓaro abinta ta mayar. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, wannan ai ya mutu tun ɗazu. Babu sauran zaƙi a jikinsa."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai ma babu sauran zaƙi a jikinka, Ishaya, amma ban yar da kai ba."

Waɗanda muke coci ɗaya da su za su tuna lokacin da aka kawo mana sabon Rabaran, matashi, da zafinsa. Shi ba ɗan Tudun Wada ba ne, bai taɓa shan bulalar Gwaggo a firamare ba kamar rabin unguwar nan, shi ya sa ya yi gangancin. Ya hau mumbari yana wa'azi a kan ladabi a ɗakin Allah, sai ya ce abin takaici ne a ce har cikin iyayenmu mata akwai masu mai da coci wurin taune-taune. Kai! Coci gaba ɗaya ya juya ya kalli benci na uku a ɓangaren mata. Gwaggo ko gezau. Ta tura cingam ɗin gefen kunci, ta ɗaga murya yadda har masu ganga suka ji, ta ce, "Rabaran, da kunne nake ji, ba da baki ba. Ci gaba, kana aya ta biyu." Bawan Allah ya duba littafinsa, kuma da gaske a aya ta biyu yake.

Asalin wannan tauna, ciwon suga ne. Ranar da likita ya gaya mata tana da shi, ta dawo gida ta kafa doka kamar ita ce gwamnati. Daga yau suga ya bar gidan nan, ko baƙo ne ya zo shayinsa salam zai sha. Amma fa Gwaggo ba za ta zubar da abin da ta saya ba. Ta tattara ragowar sugan gidan kaf, ta ɗaure a leda, ta miƙa wa maƙwabciyarta Hajiya Binta ta kan katanga.

"Ungo, Hajiya, ki sha. Ke kin riga kin je Makka, kin gama shirinki."

Hajiya ta karɓa hannu biyu ta ce, "Na gode, Malama. In na mutu dai kowa ya san ke ce."

Haka suke, shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu. Kullum sai sun yi faɗa, kuma kullum sai sun zauna hira. Naman Salla ya tsallako, shinkafar Kirsimeti ta tsallaka, kowacce ta cinye ta suɗe kwano, sannan ta ce gishirin ya yi yawa.

To 'yar Gwaggo, Naomi, da ke aikin jinya a Ingila, ita ce ta fara aiko mata da cingam irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu suga. Fararen ƙwayoyi ne a cikin farar roba mai murfi, da ƙamshin na'a-na'a. Gwaggo ta riƙe wannan rubutu tamkar daga sama ya sauko. A wurinta duk cutar duniya daga suga take, saboda haka abin da babu suga a ciki ba zai iya cutar da kowa ba, mutum ko dabba. Ko gardama ba ta saurara a kan wannan.

Sai kuma Kwamishina. Kwamishina kare ne, irin namu na gida, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Mijin Gwaggo, marigayi Baba Dauda, shi ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Gwaggo ce ta raɗa masa sunan. Ta ce daga ci sai barci, sai haushi in ya ga baƙi don a san yana ofis, amma babu wanda ya taɓa ganin aikin da ya yi. Sau ɗaya tak ya ƙaryata ta, kuma a kaina abin ya ƙare. Ina ɗalibi na gaji da shayi salam, na sayo suga mai ƙwaya na ɓoye cikin safa, na tura safar cikin takalmi, na tura takalmin ƙarƙashin gado. Ina dawowa daga makaranta na tarar da takalmina a tsakar gida, safa a yage, Kwamishina yana lasar baki, Gwaggo tana tsaye a kansa hannu a ƙugu. Ta ce, "Shekara biyu yana kan kujera, yau ya kama ɓarawo na farko, kuma ya cinye shaidar."

Muna dariya, amma gaskiyar magana ita ce, bayan Baba Dauda ya tafi, Naomi ta yi Ingila, ɗanta Bulus ya yi Legas, ni ma na gama karatu na yi aure na koma Hanwa, karen nan ne kaɗai ya rage mata a gidan. Da shi take hira. Shi take kai wa ƙararmu ɗaya bayan ɗaya. In ta saurari labarai a rediyo, shi take yi wa sharhi. Na sha zuwa in tsaya a ƙofa ina jin muryarta in ɗauka baƙi ta yi, ashe su biyu ne.

Yanzu ga inda matsalar ta faro. Hajiya Binta ta ɗanɗana cingam ɗin Ingila, ya yi mata daɗi. Kullum da hantsi sai ta yafa mayafi ta zagayo. Ba ta shiga sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama ta ce, "Malama, a ɗaure mutumin naki," don Hajiya ba ta haɗa hanya da kare, ko gefen zaninta ya shinshina sai ta je ta canza. In an ɗaure shi ta shigo ta zauna, sai ta ce, "Ina 'yar farar ƙwayar nan?" Ta buɗe roba ta zazzago biyu. Biyu, jama'a, kuma ba rabawa! Ta tauna na minti goma ta tofar a gindin dalbejiya. Gwaggo ta ce mini duk lokacin da ta ga haka, har cikin ƙashinta take jin zafin.

Ta fara ɓoyewa. Ta sa ƙarƙashin matashi, Hajiya ta gano. Ta sa cikin tukunyar da ba a girki da ita, Hajiya ta gano. Ta sa cikin buhun wake, Hajiya ta zura hannu ta zaro tana cewa, "Malama, kin manta abinki a nan, ɓeraye za su ci." Mutumin da ya yi shekara arba'in yana shiga gida, ina za ka ɓoye masa abu? Gwaggo ta kwana biyu tana nazari, sai dabara ta faɗo mata. A duk faɗin gidan akwai wuri ɗaya da ƙafar Hajiya ba ta taɓa takawa ba, kuma ba za ta taka ba har abada: ɗan akurkin kwano da ke bayan madafa, inda Kwamishina ke kwana. Ta ɗauki sabuwar roba, cike taf, ta cusa a wani lungu a ƙarƙashin rufin. Har waya ta yi mini don ta yi alfahari.

"Ishaya, na gama da Hajiya. Na ba Kwamishina ajiya."

Na yi dariya na ce ta iya dabara. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗora mata laifin ita kaɗai. Ni da nake malamin sakandare, ko a mafarki ban san akwai haɗari a ciki ba.

Wata Asabar da rana, wajen ƙarfe biyu, na zo gaishe ta. Tun daga waje nake jin faɗa. Na shiga na same ta riƙe da farar roba da aka tattaune, babu murfi, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. Kwamishina yana zaune a gabanta, ya sunkuyar da kai, bakinsa sai ƙamshin na'a-na'a yake yi.

"Dubi ɗan banzan nan! Amana na ba shi! Cingam ɗin wata uku, Ishaya, ko sati ban yi da buɗewa ba. Kuma ko taunawa bai yi ba, haɗiyewa ya yi kamar tuwo. Gara Hajiya ma!"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Gwaggo, ko za mu jira ya fito ta ɗaya ɓangaren a wanke?" Wasa nake yi, amma Allah ya sani sai da ta duba maganar, kafin ta jefe ni da robar.

Ba mu fi rabin awa muna hira ba sai muka ji yana kakarin amai. Ya yi amai ya tashi zai koma inuwa, sai ya fara tangaɗi kamar wanda ya fito daga gidan burkutu. Ƙafafunsa na baya suka lanƙwashe, ya zube. Ya sake yunƙurawa, ya sake zubewa.

Gwaggo ta ce, "Munafunci ne. Kunya ce ta kama shi, yake neman a tausaya masa."

"Gwaggo, anya kuwa? Dubi yadda jikinsa ke rawa."

"To me zai same shi? Ai babu suga a ciki. A rubuce yake."

Duk da haka na ga ta miƙe ta nufi madafa, ta fito da kwalbar manja, don a wurin iyayenmu duk abin da aka haɗiya manja ne maganinsa. Ni kuma na tuna da Dakta Jummai, wata likitar dabbobi da muka yi makaranta tare, tana aiki a wani asibitin dabbobi ta hanyar Samaru. Na kira ta ina ɗan dariya, na ce karen gwaggona ya yi satar cingam, yanzu yana layi. Ban ji ta yi dariya ba. Ta ce in ɗauki robar in karanta mata abubuwan da aka haɗa shi da su. Na daidaita robar da haƙora suka huda, na fara karantawa, na farko a jerin wani suna ne da ban taɓa ji ba, zailitol.

"Nawa ya ci? Tun yaushe?"

"Roba guda. Bai kai awa ɗaya ba, ina ji."

"Ishaya, saurare ni. Guba ce a wurin kare. Ko ƙwaya kaɗan na iya kayar da shi, balle roba guda. Kada ku ba shi manja, kada ku yi masa ɗuren komai, kada ku ce za ku sa shi amai tunda ya fara tangaɗi, zai shaƙe. Ku samu zuma ko suga da aka ɗan jiƙa, ku shafa masa a dasashi, ku kawo shi yanzu-yanzu."

Na buɗe muryar wayar, saboda haka Gwaggo ta ji komai. Ta fizge wayar daga hannuna.

"Ke yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Shekara goma sha ɗaya nake tauna abin nan, ga ni garau. Likita ne ya hana ni suga, ke kuma ki ce a ba kare suga?"

Dakta Jummai ta ce, "Mama, ke mutum ce, jikinki ya san ba suga ba ne, ba ruwansa da shi. Jikin kare kuwa ɗauka yake yi suga ne na gaske ya shigo da yawa, sai ya sako sinadarin insulin ba ƙaƙƙautawa, ya kwashe ɗan sugan da ke cikin jininsa. Kin san abin da ke faruwa in suganki ya faɗi ƙasa? Shi ke faruwa da shi yanzu. Bayan haka kuma yana iya taɓa hanta. Don Allah ku taho."

Ku da kuka san Gwaggo, kun san ba ta yarda da maganar likita kai tsaye, ko da na mutane ne. Abu ɗaya ta yarda da shi a duniya bayan Littafi Mai Tsarki, na'urarta ta awon suga. Ta shiga ɗaki da sauri ta fito da ita. Matar da ke jin ciwon ɓata tsinken gwaji guda a kanta, ta durƙusa ta huda gefen kunnen kare, ta ɗiga jinin, muka zuba wa na'ura ido. Ni ban san kan lambobin nan ba, amma ita ta haddace su fiye da katikizim ɗin coci. Da lambar ta fito sai na ga fuskarta ta canza. Muƙamuƙin nan ya tsaya cak. Ta tofar da abin da ke bakinta, sabon rabi, a ƙasa.

"Ishaya, kawo suga!"

"Gwaggo, a wane gidan?"

Ta dube ni, ta dubi madafa. Shekara goma sha ɗaya tana korar suga, yau tana neman cokali guda babu. Ta ruga bakin katanga, ita da gwiwa ke damu, ta ɗaga murya har sai da tantabarun maƙwabta suka tashi.

"Hajiya! Hajiya Binta! Suga! Ko zuma!"

Muka ji Hajiya daga can tana cewa, "Suga? Ke, Malama? To duniya ta zo ƙarshe." Ba a jima ba sai ga ta a bakin ƙofa da kwalbar zuma, ta tsaya inda ta saba tsayawa. "A ɗaure mutumin naki."

Gwaggo ta ce, "Mutumin nawa mutuwa zai yi, Hajiya."

Ban taɓa jin muryarta haka ba, kuma gaskiya tsoro ya kama ni. Na fita da gudu neman keke napep. Na tsayar da na farko na ce kare za mu kai asibiti, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ja abinsa. Na biyu ko tsayawa sosai bai yi ba. Na dawo gida in gaya musu, sai na tarar da abin da har gobe in na tuna nakan yi dariya, idona kuma ya kawo ruwa. Gwaggo ta rungume kan karen a cinyarta. Hajiya Binta kuwa tana durƙushe a gabansa, ta zura hannunta cikin baƙar leda, tana dangwalo zuma tana shafa masa a dasashi, tana bisimilla tana zagi.

"Buɗe baki, ɓarawon banza! Ni aka hana, kai ka cinye. Ya Allah ka gani, da leda na taɓa. Malama, sai na wanke hannun nan sau bakwai, har da ƙasa, kuma sabulunki zan ƙarar."

Na ce musu masu keke sun ƙi. Gwaggo ta ɗago ta ce, "Me ka ce musu?"

"Na ce kare ne."

"Wawa! Wa ya aike ka? Ɗauko mini zanen zumuntar mata a kan igiya."

Muka naɗe Kwamishina tsaf a cikin zanen ankon zumuntar matan coci, ta cire ɗankwalinta ta rufe masa kai. Na ɗauke shi a hannu, nauyi kamar buhun masara, Gwaggo ta tare keke da kanta ta ce, "Ɗana, mara lafiya za mu kai asibiti, rai a hannun Allah." Mai keke ya ce subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya, ku shigo. Na zauna a tsakiya da mara lafiya a cinya, Gwaggo a dama, Hajiya a hagu ta manne da ƙarfen keke, rabin jikinta a waje, kwalbar zuma a hannu. Babu wanda ya ce ta biyo mu, ita ta shigo da kanta.

Mutumin nan ya yi gudu, Allah ya saka masa. Amma muna isa Kwangila muka faɗa cunkoso a ƙarƙashin gada, keke ya yi tsalle a wani rami, sai wutsiya ta zamo daga cikin zane tana lilo. Na ga idon mai keke a madubi. Ya duba, ya sake dubawa, ya taka birki.

"Mama, mara lafiyar naku da wutsiya?"

"Haka Allah ya yi shi. Tuƙa!"

"Haba Mama, ai ba ki ce kare ba ne."

"Na ce maka mutum ne? Mara lafiya na ce, kuma ga shi kana gani."

Ya fara cewa shi gaskiya sai dai mu sauka, sai Hajiya ta leƙo da kanta ta gefensa. "Malam, ka ji tsoron Allah, rai ne. Ni da na je Makka sau biyu ina zaune a nan, kai ne za ka fi ni tsarki? Ja mu je!" Mai keke ya dubi Hajiya, ya dubi mayafinta da haƙorin Makka, ya girgiza kai ya ba keke wuta. Har ƙofar asibitin ya kai mu, shi ya ma riƙe mana ƙyaure.

Dakta Jummai tana jiranmu. Kafin ka ce me, an aske masa ƙafar gaba an ɗaura masa ƙarin ruwa. Gwaggo ta matsa ta gyara tabarau tana karanta jikin ledar ruwan.

"Yarinya, suga ne a ciki?"

"Suga ne, Mama."

"To ƙara masa."

Zuwa yamma ya buɗe ido sosai, har ya ɗan kaɗa wutsiyar da ta tona mana asiri. Muka fara murna, Dakta ta ce kada mu yi sauri. Faɗuwar suga an tare ta, saura hanta, ita kuma ba ta nuna kanta sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ta ce ta ga karnukan da suka miƙe suka ci abinci, aka ce sun warke, daga baya hanta ta kashe su. Dole ya zauna a wurinsu ana ba shi magani ana auna jininsa. Gwaggo ba ta yi gardama ba, ko kalma ɗaya, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Kwana ukun nan, da sassafe take zuwa da fulas ɗin shayinta salam, ta zauna a benci sai an tashi aiki. Ranar Lahadi ba ta je coci ba, har 'yan zumunta suka biyo sawu gida suna zaton ita ce ba lafiya. A ranar ce na kawo mata abinci wajen ƙarfe goma na safe, ban same ta a benci ba. Na leƙa ɗakin da aka kwantar da shi, sai na gan ta zaune dirshan a kan siminti, da gwiwar nan tata, ta zura hannu cikin kejin tana shafa kunnensa.

"Ni na ajiye, ba kai ka je nema ba. Rowa ce ta sa ni. Don ƙwaya biyu da Hajiya ke ɗauka na kai maka guba har ɗakinka. Ka yafe mini, ka ji? Dauda ya bar mini kai. In ka tafi, da wa zan yi magana a gidan nan?"

Na so in koma da baya, kwanon abinci ya bugi ƙofa. Ta juyo, ta share ido da gefen zane.

"Tun yaushe kake nan?"

"Yanzu na zo, Gwaggo."

"Ƙarya kake yi. In ka faɗa wa wani ina da rai, sai na gaya wa matarka har aji nawa ka kai kana fitsarin kwance. In na mutu ka yi ta surutunka."

Na riƙe alkawari shekara biyu cur. Yau ne na fara faɗa, kuma don kada wani ya je yana tambaya, aji uku ne.

Kwamishina ya tashi. Rana ta uku Dakta ta ce hantar ta ɗan taɓu amma tana komawa daidai, ta ce saurin kawo shi da aka yi ne ya taimaka, da zumar Hajiya. Hajiya ta yi wata guda tana ba da wannan labari a gidajen suna, kullum tana jaddada maganar leda.

Gwaggo ta kira Naomi ta ce kada ta sake aiko da abin nan ko a mafarki, ta koma tauna kanumfari. Sannan ta kafa shingen bincike a ƙofar gida. Duk wanda zai shiga sai ya buɗe jaka ya zazzage aljihu. In an samu cingam ko alewar masu ciwon suga, a jefa cikin wani kwano mai murfi da ta rataye can sama a ƙusa, in za ka tafi ka karɓi abinka. Ta bi man goge baki da magungunan tari na gidan tana karanta jikinsu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta ga sunan nan a kansa ta kulle a kabad. Ta je taron zumunta ta karɓe rabin lokacin addu'a tana yi wa masu karnuka lacca. Rabaran da kansa ya zo ziyara, ta ce ya zazzage aljihu. Ya yi dariya yana zaton wasa ne, ta tsare ƙofa. Da ya zazzage kuwa sai ga fakitin cingam ya faɗo. Ta ɗauka ta jujjuya ta ce, "Au, ashe kai ma ɗan ƙungiya ne."

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da ita a asibiti, ina wurin ranar da Hajiya ta zo dubiya. Gwaggo ba ta yi maganar gida ba, ba ta yi maganar kaya ba. Ta kama hannun Hajiya ta ce, "Masu gaisuwa za su cika gidan nan. 'Yan Legas, 'yan Ingila, kowa da cingam a jaka, su ajiye a ƙasa su tafi kuka. Ni kuma ba na nan. Wa zai tsare ƙofa?"

"Malama, ki daina irin wannan magana."

"Wa zai tsare ƙofa, Hajiya?"

Hajiya ta ce, "Ni."

To ku 'yan uwa da kuka zo daga nesa, wasunku sun ji haushi, har wata ta tambaye ni wace ce wannan tsohuwar da ta zauna a ƙofar gidan makoki kwana uku, carbi a hannu ɗaya, kwano a ɗaya, idanu a kumbure, tana cewa kowa ya buɗe jaka. Yanzu kun sani. Ba ta ɗaga wa kowa ƙafa ba, har Naomi da ta sauko daga mota tana kuka sai da aka zazzage ta. Kwano ya cika sau biyu. Kwamishina kuwa ya fita daga makokin nan lafiya lau, yana wurina a Hanwa, ya tsufa, yana yini a bakin ƙofa yana kallon hanya.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Rifkatu ta zo. Tana da baki, tana da taurin kai, kai ka fi mu sani, amma ba ta taɓa yar da abin da aka ba ta amana ba. Ka gafarta mata, ka ba ta hutawa a wurinka. Ka ba mu haƙuri, musamman Hajiya Binta, da har yanzu takan yafa mayafi da hantsi kafin ta tuna. Amin.